Muryar da Baba makanike ya turo zaure kan Fijo 504 mai ƙofa biyu

Assalamu alaikum jama'ar zaure. To ɗana, na saurari muryarka tun jiya bayan isha'i. Ka ce motar marigayi Alhaji, Allah Ya jiƙansa, Fijo 504 ɗin nan mai ƙofa biyu, za ku sayar a raba gado, injin da ke cikinta ba nata ba ne, nawa ya kamata ku sa mata. Haka ka tambaya. Amma ni inda kunnena ya tsaya shi ne wurin da ka ce ai ba lallai mai saye ya gane ba. Nan tambayarka take. To zai gane. Wallahi tun bai ɗaga bonet ba zai gane.

Ka ga wannan motar ba irin ta Kaduna ba ce. Waɗanda aka riƙa haɗawa a Kakuri daga 1975 har wajen 2006, su ne salon da wagon da a-kori-kura, waɗanda kowa ya sani. Ita taku a Italiya aka ƙera jikinta, kamfanin Pininfarina na Turin, an fara fito da ita 1969, aka daina 1983. Fijo 504 an yi sama da miliyan uku a duniya, amma mai ƙofa biyu, ka haɗa har da mai buɗaɗɗen sama, ba su kai dubu 40 ba. Ko ƙofa ko bonet ko gilashin gaba, babu wanda salon za ta ara mata. Tsakanin tayar gaba da ta baya ma ta fi salon gajarta da kusan santimita 19. Saboda haka duk wanda zai taso daga Abuja ko Legas don ita, ya san abin da ya zo nema, ba tsintuwa ya yi ba.

Ta Alhaji kuma ta 1975 ce. Injin nan mai silinda shida, V6, ya shigo ne 1973... a'a, astagfirullah, 1974 ne, ƙarshen shekara, lokacin da aka canza mata fitilun gaba, maimakon huɗu a rarrabe aka rufe su da gilashi mai faɗi. Injin da Fijo da Renault da Volvo suka haɗa hannu suka yi, lita 2.7, ƙarfin doki 136. Irin wannan motar ce, mai wannan injin, ta ci gasar Safari a Kenya a 1978. To mutum ya ga fitilun, ya duba shekara, ya karanta ɗan farantin da ke ɗauke da lambar sasi, sai ka tayar masa ya ji ƙarar silinda huɗu? Na yanzu da ke ciki na salon ne, lita biyu mai kafireta ɗaya, bai kai doki 100 ba. Ƙarar kaɗai ta isa.

Kuma ni na san ranar da aka cire na asalin, don a gabana aka yi, ina yaron gareji lokacin. Nan ne abin yake ci mini rai har yau. Injin nan ba mutuwa ya yi ba. Zafi ya ɗauka a hanyar Zariya, lagireto ya toshe, gaskit ya ƙone, ruwa ya haɗu da mai. Shi ke nan ciwonsa! Jikinsa na alminiyom ne, ba ya son zafi ko kaɗan, kuma mutanenmu ruwan rijiya suke ɗura masa. Aikin sati ɗaya ne ga wanda ya san hannunsa. Amma wanda aka kai wa motar, ba zan kama suna ba, ya riga mu gidan gaskiya, bai taɓa buɗe irinsa ba. Ya ji yana ɗan rawa in yana tsaye, ya ce ai ya gama yawo. Alhali haka aka yi shi, ba ya tashi daidai-wa-daida kamar sauran, halittarsa ce. Sai ya ce wa Alhaji a sa na salon a huta. Aka sauke shi aka jingine a bayan gareji, damina biyu tana dukansa, ina wucewa kullum ina kallonsa. Ni da nake ƙarami na ce a rufe shi ko da buhu ne, aka ce in yi shiru. Ran nan na zo babu shi. An auna wa 'yan gwangwan a kilo. Ka san inda alminiyom yake ƙarewa a garin nan, wurin masu zuba tukwane. Injin da aka ɗauko tun daga Faransa, wata tana can tana dafa shinkafar biki a cikinsa. Da yana nan, ko a kwance yake, ko ba ya juyawa, da ka ɗora shi a mota ka bi mai saye da shi, kuɗin da za a ba ku daban ne, don lambar da ke jikinsa ita ce ke cikin takarda. Kai, bari in bar wannan, raina ɓaci yake.

Ina nake ma? Yauwa, takarda. Ka je ka buɗe akwatin Alhaji ka dubo takardun motar. In har lambar tsohon injin ce a rubuce, to a gyara kafin ciniki, a nemo rasidin wanda aka sa in yana nan, in babu a yi takardar rantsuwa a kotu cewa an canza inji. In ba haka ba, ranar da aka tsare mutumin a hanya aka ga lamba ba ta yi daidai ba, ƙofar gidanku za a zo. Shi kuma wanda ya rubuto jiya cewa a goge lamba a buga tsohuwar, don Allah ka janye maganar nan. Wannan aikin ɓarayin mota ne, kuma kuɗin nan akwai marayu a ciki, ƙannenka ƙanana. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Ba za a raba gadon Alhaji da algus ba ina raye.

Haka mai cewa a cusa mata injin Toyota don ta ƙara gudu. A'a. Na yanzu ko ba komai ɗan gida ne, Fijo ne a cikin Fijo, ba a yanka mata ƙarfe sosai ba. Akwai ma mai sayen da wannan zai fi yi masa daɗi, wanda yake so ya hau ta ranar Juma'a ko da Sallah, in wani abu ya samu ya shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ko Fanteka ya samo kaya nan take. Shi kuwa mai saye irin masu tara tsofaffin motoci, zai rage muku kuɗi saboda injin, ka sa a ranka, amma jikin yake bi, kuma shi zai iya nemo V6 na Fijo 604 ya mayar. Kowanne ya kira, maganar farko da za ta fito bakinka ita ce: ta V6 ce, an sa mata na salon, na asalin babu shi. Ka faɗa wa dillalin ma a gaban shaidu, kada son la'ada ya sa ya haɗiye rabin zancen.

Kuɗi kuwa ba zan faɗa a zaure ba, sai na kwanta a ƙarƙashinta na ga inda tsatsa ta kai, na duba gilasai da fitilun baya. Kada kowa ya yi mata fenti, kada a canza kujeru, ko madubi kada a cire. Gobe bayan la'asar zan biyo in sha Allah, zan taho da batir. Ka karɓi makullin garejin wurin Hajiya, ka gaishe ta, kuma a sa yara su kwashe katakon da aka jibga a kanta.