Digirin digirgir: fanni ne ke sa ɗalibi gamsuwa ko sunan jami'a?

Tambaya: Na kammala digiri na biyu, ina shirin neman gurbin na uku. Wasu na ce mini 'yan kimiyya sun fi jin daɗin karatunsu, wasu kuma sun ce in dai jami'ar ta yi suna to kakata ta yanke saƙa. Wanne ne gaskiya?

Amsa: Ɗan'uwa, kowannensu na da tasiri, amma akwai abin da ya fi su nauyi.

A 2019 mujallar Nature ta ji ra'ayin ɗaliban digiri na uku fiye da 6,000 daga sassan duniya, akasarinsu 'yan kimiyya. Kashi 75 cikin 100 sun ce sun gamsu da shawarar da suka yanke ta shiga karatun. Amma kashi 36 sun ce sai da suka nemi taimako kan ciwon damuwa ko fargabar da karatun ya jawo musu. Ka ga ke nan mutum na iya son bincikensa, binciken kuma yana cin sa.

Bambancin fanni ya fi fitowa wajen kammalawa. Wani nazari da majalisar makarantun gaba da digiri ta Amurka ta yi ya nuna cewa shekara goma bayan shiga, kusan kashi 64 na ɗaliban injiniya sun gama, amma a fannoni irin su tarihi, adabi da falsafa, kashi 49 ne kawai. Ba wai waɗancan sun fi ƙwaƙwalwa ba ne, tsarin aikin ne ya sha bamban. Ɗalibin ɗakin gwaje-gwaje kullum yana cikin abokan aiki. In na'ura ta ƙi, ga na kusa da shi zai leƙo, kuɗinsa kuma yawanci daga tallafin binciken malaminsa yake fitowa. Ɗalibin tarihi kuwa shi kaɗai ne da tulin takardu. Ya miƙa babi, ya yi wata da watanni yana jiran gyara, ga koyarwa da yake yi don ya riƙe kansa. Kada dai ka ɗauka na farkon ya huta: batun bincikensa, alawus ɗinsa da sunansa a kan maƙala duk suna hannun mutum ɗaya, wato malaminsa. In suka saɓa, ba sauƙi.

A nan ne maganar take. Binciken da aka buga a 2017 kan ɗalibai 3,659 a yankin Flanders na Beljiyam ya gano kusan ɗaya cikin uku na fuskantar haɗarin matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, musamman ciwon damuwa. Abubuwan da aka danganta da hakan su ne yawan aiki, rashin ta-cewa a kan aikin, karo tsakanin karatu da iyali, da kuma salon jagorancin malamin da ke duba kundi. Babu ɗaya daga cikinsu da jerin gwanayen jami'o'i ke aunawa. A sashe guda za ka tarar da ɗalibai biyu, ɗaya na murna ɗaya na shirin ajiye karatu, bambancinsu kawai malami.

Tsarin ƙasa ma abin dubawa ne. A Holan, Suwidin, Denmak da Norwe, yawancin masu digiri na uku ma'aikata ne, da albashi da hutu, kuma wannan na rage fargabar kuɗi ƙwarai.

Shawarata, kafin ka karɓi gurbi ka nemi ɗaliban malamin, na yanzu da waɗanda suka gama, ka yi magana da su ba a gabansa ba. Tambaye su kwana nawa yake ɗauka kafin ya dawo da babi, da mutum nawa suka kammala a hannunsa. Ka sa a rubuta maka shekarun da tallafin zai ɗauka. Sannan ka binciki ko sashen na ba da malami na biyu, da yadda ake sauya malami in zama ya ƙi daɗi.