Dalilin da ya sa ba mu shan ruwan farko

Ɗiyata, saƙonki ya same ni nan Tawa lafiya. Kin ce tun da kuka koma bayan gari a Yamai, inda famfo bai kai ba, kuɗin ƴan garuwa ya ishe ku, har kin ajiye ganga ƙarƙashin kwanon rufi, amma surukarki ta hana ki tarar ruwan sama na farko, shi ne kike son sanin ko camfi ne.

Ba camfi ba ne, ki bi maganarta. Daga Oktoba har kusan Yuni rufin ɗaki ba ya ganin ɗigon ruwa, ƙurar hunturu tana kwanta masa, tsuntsaye da ƙadangaru suna kashi a kansa, saboda haka ruwan farko wankin rufi yake yi, kuma wanda ya sha shi yakan kwana da gudawa. Ina yarinya, abin da indararon soronmu yake fara zubowa jajir ne kamar an dama laka. Kakarki takan tsaya bakin ƙofa tana tara shi a ƙwarya tana zubarwa, kuma ba ta cewa a kawo tulu sai ta hangi gindin ƙwaryar ta cikin ruwan. Ko a tsakiyar damina, in an kwana biyu ba a yi ruwa ba, sai ta bar na farkon ya wuce.

Bayan an tara kuma akwai ladabin randa, wanda nake ganin ya fi tarar muhimmanci. A rufe ta da faifai, moɗa ɗaya ce ke shiga cikinta, yaro ba ya tsoma hannu. Ganga a buɗe gidan sauro ce, kin kuwa san abin da zazzaɓin damina yake yi wa yara. Ba duk abin da muka yi ne daidai ba: mun sha ruwan tabki ba tacewa, kurkunu ya kwantar da manoma ana tsakar noma, sai a 2013 aka tabbatar Nijar ta rabu da shi. Don haka ruwan sha ki tace shi da ƙyalle mai tsabta, sannan ki tafasa.

Kada ki raina kwanonki. Milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce, kuma Yamai takan samu wajen milimita 500 a shekara, ke nan rufi mai murabba'in mita 30 yana iya zubo kusan lita 15,000. Ganga ɗaya ba za ta riƙe wannan ba, shi ya sa nake so ku yi shawara da maƙwabta ku yi adashe, kowane gida ya gina kwalbatin siminti na tara ruwa mai murfi kafin Yuni. In naku ya riga cika, maƙwabciya ta zo da tulu, ki ɗebar mata, domin a gidanmu ba a taɓa sayar da ruwan sama ba.

Ki gaishe mini da surukar taki.