Direbana ya kaɗe mai zanga-zanga a hanyar Tsafe: laifin wa?

TAMBAYA

Barista, barka da aiki. Ina da mota Sharon da ke lodi daga Gusau zuwa Funtua. Kwanakin baya mutanen wani ƙauye a yankin Tsafe suka tare hanya da itatuwa da tayoyi, suna kukan 'yan bindiga sun hana su noma, sun kuma kwashe musu mutane. Direbana ya ce da aka fara dukan bodin motar da sanduna, fasinja na ta salati, sai ya taka totur ya bi ta gefe, ya kaɗe wani saurayi, ƙafarsa ta karye. Yanzu direban yana hannun 'yan sanda, mota ma tana can. A tasha kowa cewa yake wanda ya tare hanyar gwamnati shi ya jawo wa kansa, ba shi da haƙƙi. Haka ne? Ni kuma mai mota, me ya hau kaina?

Wani mai mota daga Gusau

AMSA

Alhaji, Allah ya kiyaye gaba, ya kuma ba yaron lafiya. Maganar da ake yi muku a tasha ba ta da tushe a doka, kuma idan direbanka ya shiga kotu da ita a bakinsa, kansa zai ɗaure.

Abubuwa biyu ne mutane ke haɗawa wuri ɗaya. Tare hanya laifi ne, wannan babu musu. Sashe na 40 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin taro, har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke a 2007, a shari'ar Sufeto Janar na 'yan sanda da jam'iyyar ANPP, cewa ba sai an nemi izinin 'yan sanda ba kafin a yi gangami. Amma sashe na 41 shi ma ya ba direbanka da fasinjansa 'yancin zirga-zirga, saboda haka wanda ya gicciya icce a kan kwalta ya taka haƙƙin wasu, kuma hukuma na iya gurfanar da shi. To, hukuma ke nan. Laifin da mutum ya yi bai mayar da jikinsa halal ga duk wanda ke riƙe da sitiyari ba. Sashe na 33 ya kare ran kowa, bai ce ban da mai zanga-zanga ba.

Don haka alƙali ba zai daɗe a kan ko taron halal ne ko haram ba. Abin da zai tona shi ne me ke cikin ran direban a daidai lokacin da ya taka totur, kuma yana da wata mafita ko babu.

Idan shaidu suka nuna ya ga mutane tsaye a gabansa, haushi ya ɗebe shi, ya ce ko su kauce ko ya bi ta kansu, doka ta ɗauki motar nan tamkar makami. Karaya tana cikin abin da dokar Final Kod, wato kundin dokokin hukunta laifuka, ke kira mummunan rauni. Da yaron ya mutu, da maganar ta koma kisan kai, wanda sashe na 221 ya tanadar wa hukuncin kisa idan mutum ya yi nufin kashewa ko ya san mutuwa ce mafi rinjayen sakamakon abin da ya yi. Duba wannan gaɓa ta biyu da kyau. "Ban yi niyyar kashe kowa ba" ba ta isa ta fitar da mutumin da ya danna mota mai nauyin fiye da tan ɗaya cikin taron jama'a ba.

Idan kuma babu nufi, ganganci ne ko sakaci, misali ya ƙi rage gudu yana zaton za su watse, sai a koma ga dokokin hanya. Dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta 2007 ta sa tarar naira 50,000 ko ɗaurin da ya kai shekara 2, ko duka biyun, a kan tuƙin ganganci. Idan an rasa rai, ɗaurin yana kaiwa shekara 7. Hanyar Funtua zuwa Gusau ta gwamnatin tarayya ce, kuma dokar manyan hanyoyin tarayya ita ma shekara 7 ɗin ta tanada.

Inda direbanka yake da abin faɗa shi ne kare kai, kuma nan ne shari'ar za ta yi zafi. Final Kod, daga sashe na 59 zuwa gaba, ta yarda mutum ya kare kansa, ya kare wani, ya kare dukiya. Direban da ke ɗauke da mata da yara, aka kewaye shi ana rotsa gilashi, ba a ce ya kashe mota ya zauna ya jira ajali ba. Sai dai wannan dama tana da iyaka: barazanar ta kasance ta gaske kuma a take, kada cutarwar ta wuce abin da ake bukata don tsira, kuma ya zama babu halin neman taimakon hukuma. Tambayoyin da lauyan gwamnati zai yi masa ƙanana ne, amma su ke yanke shari'a. Daga nisan mita nawa ka hango hayaƙin taya? Motocin da ke gabanka sun tsaya ko sun juya? Akwai fili a bayanka da za ka yi ribas? Ka yi oda? A giya ta nawa kake? Yaron da ka kaɗe yana cikin masu sanda, ko yana gefen titi ne yana kallo? Bugun bodi da sanda daban, fasa gilashi a jawo direba waje daban.

Akwai wani abu da ya keɓanta da hanyoyinmu, wanda nake ganin duk lauyan da ya san aikinsa zai ɗaga. Direban da ke bin Tsafe ko hanyar Ƙaura Namoda ya koyi cewa icce a tsakiyar titi sau da yawa tarkon 'yan bindiga ne, kuma wanda ya taka birki shi ake shiga daji da shi. Doka ta san da kuskuren fahimta da aka yi da zuciya ɗaya. Idan da asuba ne ko bayan magariba, a kwana, babu alamar komai sai mutane da suka fito daga ciyawa, hujjar tana da ƙarfi. Idan kuwa da rana tsaka ne, ga tsofaffi da mata da goyo, ga ganye a hannu, ga layin motoci sun tsaya, zai yi wuya alƙali ya yarda cewa ya zaci ɓarayin daji ne. Na taɓa zama a kotu ana sauraron wani direba da ya rantse ya ɗauka fashi ne, sai aka kunna bidiyon da wani fasinjansa ya ɗauka a waya, aka ji muryarsa yana cewa "yau sai na koya wa 'yan ƙauyen nan hankali". Daga nan lauyansa ya ajiye biro.

Nakan ga ana yaɗawa a Facebook cewa a Amurka an halatta wa direba ya taka mai tare hanya. Abin da ya faru shi ne jihohi irin su Oklahoma sun yi doka a 2021 da ke kare direban da ya kaɗe mutum ba da gangan ba yana gudun tarzoma. Wanda ya kutsa mota cikin masu zanga-zanga a Charlottesville a 2017 ya kashe wata mata, ɗaurin rai da rai yake yi. Ko ma mene ne, dokar can ba ta aiki a Gusau.

Da yake a Zamfara muke, inda dokar laifuka ta Shari'a ta fara aiki a Janairun 2000, idan duka ɓangarorin Musulmi ne maganar na iya zuwa kotun Shari'a. A can ana raba laifin gida biyu: wanda aka yi da gangan da wanda aka yi bisa kuskure. Kisan da aka yi da gangan ƙisasi ne, sai in magada sun yafe ko sun karɓi diyya. Na kuskure diyya ce, raƙuma 100 ko dinari 1,000 ko dirhami 12,000, wadda dangin mai laifi na wajen uba ke haɗuwa su biya, shi kuma ya yi kaffarar azumin wata 2 a jere kamar yadda aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta faɗa. Rasa ƙafa ɗaya gaba ɗaya rabin diyya ne. Shi ya sa rahoton likita a kan yadda karayar ta warke yake da muhimmanci gare ka.

Yanzu kai. Ba za a ɗaure ka saboda tuƙin da ba kai ka yi ba, muddin takardun motarka sun cika kuma direban yana da lasisi. Amma a ƙarar neman diyya, mai mota yana ɗaukar nauyin ɓarnar da direbansa ya yi a bakin aiki, kuma kai lauyan yaron zai nema, don kai ke da abin biya. Abin da tasha ke faɗa yana da ɗan gurbi a nan kawai: kotu na iya rage kuɗin idan ta ga wanda aka kaɗe shi ma ya sa kansa cikin haɗari. Ragewa ce, ba sharewa ba. Ka duba inshorarka ko ta gaske ce, don da yawa daga takardun da ake yanka a bakin ofishin lasisi ba su da kamfani a bayansu. In ta gaske ce, ka sanar da su a rubuce cikin gaggawa, ka kuma sani cewa inshora ba ta biyan abin da aka yi da gangan.

Ba ka faɗa mini abin da direban ya yi bayan ya kaɗe yaron ba. Babu wanda zai zarge shi don bai tsaya a cikin fusatattun mutane ba. Amma in ya zarce caji ofis mafi kusa ko ya kira 122 na jami'an kiyaye haɗurra, ya taimaki kansa ƙwarai. In kuwa sai da aka bi lambar mota aka kamo shi a tasha, an ƙara masa laifin ƙin kai rahoto, kuma maganar tsoro ta yi rauni.

Tunda rai bai salwanta ba, laifin na beli ne, kuma sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana 1, ko 2 in babu kotu a kusa. Ka nemo lambobin fasinjan da ke cikin motar tun kafin su ɓace maka, a ɗauki hoton duk inda sanda ta taɓa a jikinta kafin a kai ta wurin mai gyara. Sannan ka ɗauki shugaban yuniyonku da wani dattijo ku je asibiti ku duba yaron, ka ɗauki nauyin magani. Idan an kai ga sulhu, a rubuta shi a gaban lauya, a kuma gabatar wa kotu.