Kan maganar masana'antar nan taka

Yarona na ga saƙonka tun jiya da dare, ban amsa ba saboda ina Kasuwar Dole wajen masu katako har magariba. Ka ce wasan yaƙin da ka zana a allon da na bar maka ya lalace, duk wanda ya riga gina masana'anta kusa da iyaka shi ke ci, yana zubo sojoji kamar fara, kana tambaya ko ka ninka kuɗin ginin. Kar ka ninka. Tsada ba ta hana mai kuɗi, talakan cikin wasan kawai za ka ƙara kashewa.

Ciwon yana wajen da ka bar masana'anta tana fitar da ko nawa mutum ya iya biya. Dubi Axis & Allies, wasan allo na yaƙin duniya na biyu wanda Larry Harris ya tsara, bugun Milton Bradley na 1984. A kuɗin wasan masana'anta 15 ce, sojan ƙasa 3, tanka 5. Amma sabuwar da ka gina ba ta fitar da ƴaƴa fiye da lambar da ke rubuce kan ƙasar da ta zauna, Indiya 3 ce, to in mai Ingila ya gina can ƴaƴa uku zai samu a zagaye ko da kuɗinsa sun cika buhu, kuma ba a zagayen da ya gina ba, sai na gaba. A wancan bugu tsoffin masana'antun da aka fara wasa da su ba su da wannan takunkumi, bugun 2004 ya sa wa kowace.

Nan ne daɗin yake, zauna ka lissafa. Da 15 a hannu kana iya sayen soja biyar ko tanka uku. Wajen tsaro soja yana ci in ƙwayar ludo ta ba da 2 ko ƙasa, tankar wancan bugu ma 2 ce, to wa zai sayi tanka, ga biyar ga uku, kuma sai an buge su ɗaya ɗaya? Shi ya sa kowa ke tara sojan ƙasa tuli guda a zauna ana kallon juna har shayi ya huce. Amma da zarar ka ce ƴaƴa uku kawai ke fita ta ƙofar masana'anta, mutum ya daina tambayar me ya fi araha, ya koma me ya fi ƙarfi da zai wuce ta ƙofar nan. Ka ga doka ɗaya ta gyara maka abu biyu, ta tsare ambaliya kuma ta sa mai tsada ya samu kasuwa. Kamar shagonmu ne, ko an kawo mana aikin jikka ɗari ƙofa nawa teburin nan ke ɗauka a yini, shi kenan.

Kar kuma ka matse har ginin ya zama asara. Ni yadda nake aunawa, in wasa zagaye takwas ne masana'anta ta maida kuɗinta wajen zagaye na uku, in ta maida a na farko kowa zai gina ba tunani, in sai na shida ba wanda zai taɓa ta, ka ɓata fenti banza. Kuma a bar ta a iya ƙwace ta, mai ginawa bakin iyaka ya kwana da fargaba. Rasha ma a 1941 kwance masana'antu sama da 1,500 ta yi ta loda a jirgin ƙasa zuwa gabas don kar Jamus ta same su.

Batun da ka kawo na cewa ai a gaskiya Amurka ta fi kowa ƙera kaya, haka ne, a yaƙin duniya na biyu tankarta Sherman wajen 49,000 aka yi, tankar Tiger ta farko ta Jamus ba ta kai 1,400 ba. To amma Sherman sai ta hau jirgin ruwa ta ƙetare teku. Ba wa mai arziki arzikinsa, ka sa masa nisa. In ka juya wasan ya koma na Damagaram ma haka ne, Sarki Tanimu a nan Birni aka ƙera masa igwa, amma jan ta cikin rairayi zuwa fagen daga wani aiki ne daban.

Abin da za ka yi yanzu, doka ɗaya tak za ka canza, lambar ƙofa, wato ƴaƴa nawa masana'anta ke fitarwa a zagaye, kar ka taɓa farashi tukuna don in ka canza biyu ba za ka san wacce ta yi magani ba. Ku buga sau shida da yaran Zango ɗin nan, bayan kowane wasa ku musanya gefe, rubuta wa ya ci da zagayen da aka gina. Ranar asabar ka zo min da takardar, ka haɗo da zarton da ka ara.