Maganin Wanke Injekta: Yana Aiki Ko Asarar Kuɗi Ne?

Tambaya: Wani mai karatu daga Unguwar Rogo a Jos ya rubuto: "Assalamu alaikum. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2010, 'yar Beljiyam. Kwanan nan idan na tashe ta da asuba sai ta riƙa karkarwa, a kan tudu kuma ba ta da ƙarfi kamar da, ga shan mai. Wani mai sayar da kayan gyara ya ce in riƙa zuba maganin wanke injekta a tanki duk lokacin da na sha mai. Shin wannan magani yana aiki da gaske, kuma ba zai lalata mini inji ba?"

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Maganin yana aiki, amma aikinsa guda ɗaya ne tak, wato narkar da daskararren datti da fetur yake bari a hanyar da yake bi. Sabulu ne, ba bakanike ba. Batun zuba shi a kowane shan mai kuwa, wannan shawara ta fi amfanar mai shagon fiye da motarka.

Injekta tana fesa fetur ne ta wasu ƙananan ramuka da ido yake ganinsu da ƙyar. Idan aka kashe mota da zafinta, ɗan ragowar man da ya tsaya a bakin injektar yakan ƙafe ya bar wani danƙo mai launin ƙasa-ƙasa, wanda a hankali yake taurara ya rage faɗin ramukan. Wanda ya taɓa tsayawa a gareji ya ga an gwada injekta a kan na'ura zai gane bambancin nan take: lafiyayyar tana feshi kamar hazo, mai datti kuwa sai ta riƙa tsartuwa gefe guda ko ɗiga. Man da bai fesu sosai ba ba ya ƙonewa daidai, kuma daga nan ake samun karkarwa a silo, wato lokacin da injin yake aiki mota tana tsaye, da jinkirin amsa totur, da ƙarin shan mai. Injin Corolla irin taka yana fesa man ne a bayan bawul ɗin shigar iska, saboda haka maganin zai wanke injektar ya kuma wanke bawul ɗin. A sababbin motocin da suke fesa mai kai tsaye cikin silinda, waɗanda ake rubuta musu GDI, fetur ba ya taɓa wannan bawul ko kaɗan, don haka ko kwalba goma aka zuba ba za ta kai gare shi ba.

Ba duk kwalaben da ke kan kanta ne ɗaya ba. Sinadarin da aka fi amincewa da ƙarfinsa shi ne wanda ake taƙaita sunansa da PEA, domin yana jure zafi har ya kai ga wanke cikin wurin ƙonewar mai, kuma Techron na kamfanin Chevron yana daga cikin sanannun da suke ɗauke da shi. Masu araha da yawa galibin abin da ke cikinsu narkakken mai ne irin dangin kananzir da ɗan sabulu kaɗan. Ka karanta bayan kwalbar, ka duba hatimin murfinta da ranar da aka yi ta, domin jabun kaya sun yi yawa a kasuwa, kuma kwalbar da aka sake cikawa da abin da ba ka sani ba ita ce mai iya cutar da famfon mai da robobin layin.

Yadda ake amfani da shi ba wuya. Ka bari man tankin ya yi ƙasa, ka juye kwalbar a gidan mai, sannan ka cika tankin a kanta domin su gauraya. Tankin motarka lita 50 ne zuwa 55, kuma alal misali kwalbar maganin kamfanin Liqui Moly mai mililita 300 an yi ta ne domin mai har lita 70, saboda haka guda ɗaya ta isa. Kuskuren da na fi gani tun bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 shi ne mutum ya juye kwalba sukutum a kan lita biyar ko goma, saboda abin da aljihu ya iya ke nan. Wannan ya wuce ƙima, kuma ƙarin ƙarfi ba ƙarin tsabta ba ne. Sau ɗaya a kowace kilomita 5,000 ya wadatar, kuma na fi son a yi shi a tankin ƙarshe kafin juyen baƙin mai, ranar da za a yi doguwar tafiya irin ta Jos zuwa Abuja, inda injin zai yi zafi sosai ya daɗe yana aiki. Na fetur daban, na gas daban, kuma ba a zuba shi a wurin baƙin mai.

Sai dai alamomin da ka lissafa ba injekta kaɗai ke kawo su ba, kuma a nan ne nake so ka yi taka-tsantsan kafin ka kashe kuɗi. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska cikin 'yan makonni, kuma tana ɓata sensar da ke auna iskar da injin yake shaƙa da bakin totur. Fetur ba ya bi ta waɗannan wurare, don haka sai an kwance an wanke su da nasu feshin. Fulogi da ya cinye, ko kwayil mai rauni, wato abin da yake ba fulogi wuta, su ma suna sa karkarwa, musamman a sanyin asubar Jos na Disamba da Janairu. Haka nan famfon mai da ya gaji ko matatarsa da ta cushe, waɗanda a motarka duk suna cikin tanki, su ne suka fi nuna kansu a kan tudu. Ka kuma tuna cewa Jos tana sama da teku da kimanin mita 1,200, inda iska ba ta da kauri, kuma injin da ba shi da turbo, wato na'urar da take tura ƙarin iska cikin inji, yana rasa wajen kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 ta hawa. Motar da take gudu kamar barewa a Akwanga dole ta ɗan yi nauyi a Hawan Kibo ko da lafiyarta ƙalau.

Akwai kuma abin da maganin ba ya iyawa sam. Idan ruwa ko laka suka shiga tanki, kamar yadda yakan faru da man 'yan bumburutu da ya kwana a jarka, sai an sauke tankin an wanke. Gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin metanol da aka shigo da shi ƙasar nan a farkon 2022 ya kwantar da motoci da dama, kuma waɗanda suka tsira da sauƙi su ne waɗanda suka zuƙe man da wuri.

A matsayinka, zan fara da sa a duba motar da kwamfuta, a ciro matatar iska da fulogai a gani da ido. Idan waɗannan suna da kyau, ka zuba kwalba ɗaya mai PEA a cikakken tanki ka ƙone shi har ƙasa. In karkarwar ta ragu, to datti ne. In ba ta canza ba, kada ka sayi ta biyu. A auna ƙarfin famfon mai, a ciro injektocin huɗu a gwada feshinsu a kan na'ura, wadda ta ƙi wankuwa a canza ta.