Ina zan buga allon lantarki guda 30 ba tare da jarina ya ƙare ba?

Tambaya: Malam, ina haɗa wata 'yar na'ura mai yanke caji idan batir ya cika. Da hannu nake haɗa ta a kan allo mai ramuka, kowace ɗaya tana cin mini yini guda. Yanzu kusan mutum 30 sun ce suna so. An ce mini kamfani ba ya buga allo sai dubbai. Gaskiya ne? Ina zan samu mai sauƙin kuɗi?

Amsa: Ɗan'uwa, wanda ya gaya maka haka tsohon labari yake ba ka. Yau akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, buga allon lantarki, wato PCB, ga masu ƙaramin aiki irinka. JLCPCB da PCBWay a ƙasar Sin suna karɓar oda daga guda 5. OSH Park a Amurka yana ba da guda 3, kuɗinsa kuma gwargwadon faɗin allon ne, shi ya sa ya fi dacewa da ƙanƙanin allo. A Turai akwai Aisler. Dabarar duk ɗaya ce: suna tara zanen mutane da yawa a kan babban faranti guda, su buga tare, su yayyanka, sai kuɗin aikin ya rabu a kanku.

Abin da suke so daga gare ka fayilolin zanen allo ne da ake kira Gerber, da fayil ɗin da ke nuna inda za a huda ramuka. Manhajar zanen allo ta KiCad kyauta ce, EasyEDA ma haka, dukkansu suna fitar da waɗannan fayiloli. Ka ɗora a shafin kamfanin, nan take farashi ya bayyana.

Sauƙin kuɗin yana da sharaɗi. A kamfanonin Sin, farashi mafi ƙasa na allon da bai wuce milimita 100 tsawo da 100 faɗi ba ne, mai fuska biyu, kauri milimita 1.6, kore, da shafen dalma da ake kira HASL. Ka ƙetare wannan awo ko da kaɗan, ko ka zaɓi ruwan zinari na ENIG, kuɗi ya tashi. Na'urarka ba ta buƙatar zinari. Abin da take buƙata shi ne layin tagulla mai faɗi a hanyar da wutar batir ke bi, domin tagullar da aka saba sawa kaurinta kusan maikuron 35 ne kawai, wato milimita 0.035, siririn layi kuwa zafi zai ɗauka har ya ƙone. Wannan a zanenka za ka gyara shi, ba ya cin ko sisi.

Yanzu ga inda na fi damuwa da kai. Adadin da za ka fara gani a shafin kada ya ruɗe ka, sau da yawa kuɗin aiko da kaya ya fi na allon kansa. Kamfanin jigila mai sauri kamar DHL zai kawo cikin kwanaki, da tsada. Gidan waya ya fi sauƙi, amma za ka jira makonni. Ga kuma kuɗin kwastan idan ƙasarka tana karɓa. Saboda haka wasu sukan ce, tunda jigila ce ke cin kuɗi, bari su buga 100 gaba ɗaya su huta. Kada ka yi haka a karon farko. Na ga saurayin da ya yi, kaya suka iso gwanin sha'awa, ashe ya juya ƙafafun wani taransisto a zane. Kamfani bai yi laifi ba, abin da aka ba shi ya buga. Allo ɗari sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya da wuƙa da waya, kuma ba su ƙara yin kyan da za a nuna wa mai saye ba. Har yau abin yana yi mini ciwo, don jarinsa duka ke nan.

Ka fara da guda 5. Kafin ma ka aika, ka sa manhajar ta binciki kurakuran zanen, sannan ka buga shi a takarda daidai girmansa, ka ɗora kowane kayan haɗi a gurbinsa ka gani ko ƙafafun sun hau. Idan biyar ɗin sun iso, ka haɗa biyu, ka sa su caji na gaske na kwanaki. Za ka biya jigila sau biyu, na sani, amma ka ɗauke shi kuɗin makaranta.

Batun ko su haɗa maka kayan a kan allon ya danganta da irin kayanka. Idan masu dogayen ƙafafu ne da ake zurawa a rami, ka liƙa da kanka, a kan bugaggen allo aikin yini zai ragu sosai. Idan ƙananan nan ne da ake manna wa a saman allo, injinsu ya fi hannunka, sai dai akwai kuɗin saita inji da ba ya sauyawa ko 5 ne ko 50. A guda 5 asara ce, a 30 tana iya biya. Za su nemi jerin kayan da fayil mai nuna mazaunin kowanne.

Farashin da za ka gaya wa mutanenka kuma, ka haɗa kuɗin allo, jigila, kwastan, kayan haɗi, akwati, zagayen gwaji da ladan lokacinka, ka raba da adadin na'urorin da suka yi aiki, ba adadin da ka yi oda ba. Ka buga 35 saboda wasu za su lalace a hannunka. Masu jiran nan 30, ka karɓi kafin alƙalami daga gare su bayan gwajin ya yi kyau, da shi za ka biya babbar odar. Ranar kawo kaya kuma kada ka yanka musu ita sai allunan sun shigo hannunka.