Agogon jifa: sakan 24 a NBA, 30 a jami'a

Malam, ka tambayi abin da ya sa wasan ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka bai kai na NBA, babbar gasar ƙwararru ta ƙasar, sauri ba. Yawanci agogon jifa ne, wato agogon da ke ƙirga lokacin da aka ba ƙungiya ta jefa ƙwallo a kwando. NBA ta kawo sakan 24 tun 1954, bayan Danny Biasone, mai ƙungiyar Syracuse, ya raba sakan 2,880 na wasa gida 120, wato yawan jifan da ya ƙiyasta ana yi a wasa ɗaya. Jami'o'i kuwa, ɓangaren maza, sai 1985 suka karɓa da sakan 45, suka rage zuwa 35 a 1993, sannan 30 a 2015.

Inda ake yawan ruɗewa: sakin ƙwallo kafin ƙahon ƙarewar lokacin agogon bai wadatar ba, sai ta shiga ko ta taɓa zoben kwando. In allo kaɗai ta buga, ta zama ta abokan hamayya. In ta taɓa zobe ƙungiyar da ta jefa ta sake cafewa, agogo kan koma 14 a NBA, 20 a jami'a.